Kurtuna ya yi barci a bakin gadi: in kai shi gaba ko in ɗauki laifin?

Assalamu alaikum manyanmu, musamman tsofaffin samanja da saje. Shawararku nake nema.

Ni kofur ne, sojoji 9 ne a ƙarƙashina. Wata 14 ke nan muna fagen daga ba a canza mu ba, an ɗage hutunmu sau 2, gwiwar yaran duk ta yi sanyi. Da sukan yi waƙa in an dawo sintiri, yanzu kowa shiru.

Shekaranjiya da asuba na tarar da wani kurtu yana barci a bakin gadi, bindiga a cinyarsa. Na san dokar soja ba ta wasa da wannan, domin rayukanmu duka ne a hannunsa. To amma ni na tsara jadawalin. Hannu ya yi mana ƙaranci, sai na ba shi awa 4 maimakon 2 bayan ya wuni yana sintiri. Abin da ke hana ni barci ke nan.

In na kai rahoto, gadurum zai shiga, wataƙila har albashinsa a taɓa, sauran kuma su ce na sayar da shi. In na rufe, gobe wani ya kwanta, da wane baki zan tsawata masa?

Na gwada jan kunnensa a keɓe, ya ba da haƙuri, amma raina bai kwanta ba. Shin in je wurin laftanar in fara da kuskurena? Ko samanja ya kamata in fara samu?