Shin ruwan ƙaro zai iya tsawaita kwanakin sitiroberi ya kuma kiyaye amfaninsa?

Mai sayar da kayan marmari, Kano:

Assalamu alaikum. Ina saro sitiroberi daga Jos a lokacin hunturu, amma kwana biyu da isowar kaya sai ƙyallinsa ya dushe, fatarsa ta yamushe, na ƙasan roba kuma ya kama fumfuna mai launin toka. Na ji ana cewa idan aka tsoma 'ya'yan itace cikin ruwan ƙaro suna daɗewa. Shin gaskiya ne, kuma hakan yana kiyaye sinadaran gina jiki, ko kuwa kyan gani ne kawai?

Malamin kimiyyar abinci, Zariya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar tana da tushe. Sitiroberi yana ci gaba da numfashi bayan an tsinke shi, wato yana shaƙar iskar oksijin yana ƙone sukarin da ke jikinsa, ga shi kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, ba shi kuma da ɓawo mai kauri irin na lemo. Idan ruwan ƙaro ya bushe a jikinsa, sai ya zama siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ke rage shigar iska da fitar ruwa. Bitamin C, wanda ya kai kimanin miligiram 59 a kowane giram 100, yana lalacewa ne idan ya haɗu da oksijin da zafi, don haka rage iskar yana jinkirta asararsa da dusashewar jan launin. Jinkirtawa dai yake yi, ba ya mayar da abin da ya riga ya tafi.

A 2010 masu bincike a reshen Jami'ar Nottingham da ke Malesiya sun gwada ƙaro a kan tumatir, suka ga haɗin kashi 10 cikin 100 ya riƙe shi har kwana 20. Wannan shi ne giram 100 na ƙaro a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi, a tace da farin ƙyalle, a bari ya huce. Sai dai tumatir ya fi sitiroberi juriya nesa ba kusa ba, kada a sa ran kwana 20. A nemi ƙaron dakwara mai tsabta, irin na Yobe da Jigawa, wanda ake ci. Idan haɗin ya yi kauri, iskar za ta toshe gaba ɗaya, ɗan itacen ya yi tsami da wari kamar na giya.

Manomiyar sitiroberi, Jos ta Kudu:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina jan hankalin Alhaji a kan danshi, domin shi ne abincin fumfunar nan. Mu ba ma wanke sitiroberi kafin mu zuba a roba. Na taɓa tsoma rabin tire a ruwan ƙaro, na yi gaggawar rufewa tun gindin ganyen yana da laima, washegari na tarar ya fi wanda ban taɓa ba lalacewa. Da na sake, sai na jera su ɗaya-ɗaya a kan faifai a inuwa, inda iska ke kaɗawa, har suka daina manne wa yatsa, kuma waɗannan sun fi daɗewa da ƙyalli. Duk wanda ya ƙuje ko ya fashe a ware shi tun farko.

Malamin kimiyyar abinci, Zariya:

Gaskiyarki, Hajiya. Ƙaro shi kaɗai ba ya kashe fumfuna sosai, kuma ba ya maye gurbin sanyi, domin sitiroberi ya fi son sanyi kusa da digiri sifiri a ma'aunin Celsius, inda yakan yi kamar mako guda. Alhaji, ka raba roba biyu daga kaya ɗaya, ka tsoma ɗaya ka bar ɗaya, ka auna nauyinsu kowace safiya ka rubuta don ganin wadda ta fi asarar ruwa, kafin ka taɓa sauran jarinka.