Yara suna ta zamewa daga kulob ɗinmu na yaƙi da shan taba, ya zan yi?

Malam_Bayoloji:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata sakandaren maza a Zariya, farkon zango muka buɗe kulob na yaƙi da shan taba, ranar da aka sanar a asambali wallahi aji ya cika har wasu a tsaye, amma yanzu in mun kira mitin ranar Laraba bayan tashi da ƙyar mutum bakwai ke zuwa, su ma yaran kirki ne da ko kara ɗaya ba su taɓa sa wa a baki ba. Waɗanda suka fi damuna, masu haura katanga su je wajen mai tireda, ko kallonmu ba sa yi. Wa ya taɓa riƙe irin wannan?

Maman_Sadiq:
Wa alaikumus salam Malam. Bayan tashi fa ka ce? Yaro ya wuni da yunwa, ga islamiyya na jiransa da la'asar, ai ba zai tsaya ba. Ku mayar da shi lokacin tara, ko da minti ashirin ne. Kuma a rage lacca, ku ba kowa aiki, wannan ya zana fosta, wancan ya shiga dirama ko muhawara.

Ɗan_Tudun_Wada:
Malam ni na sha sigari tun ina JSS 3, bari in faɗa maka gaskiya, tsoro ne ke hana su zuwa. Gani suke kulob ɗin 'yan rahoto ne, kana shiga gobe sunanka na ofishin firinsifal a zane ka gaban asambali. Ni wanda ya ja ni na bari wani malami ne da ya ji warin a rigata, bai tona ni ba, ya kira ni gefe ya ce in riƙa riƙe masa rajista. Ka yi musu alkawarin sirri kuma ka cika. Sannan ku taɓo shisha, da yawansu sun ɗauka tunda tana ƙamshin tuffa kuma ta bi ta ruwa ba taba ba ce, alhali nikotin ɗin yana nan.

Anti_Nas:
Kar ka ba 'yan SS3 shugabanci, Ranar Yaƙi da Shan Taba ta Duniya 31 ga Mayu ce, daidai lokacin suna fama da WAEC, kuma suna fita kulob ya mutu. Ka kama 'yan SS1. Shi kuma mai tiredan, dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayarwa kara-kara ma, ku je masa da mai unguwa a yi magana cikin mutunci, kar a tura yara.

Malam_Bayoloji:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar sirrin nan ta shige ni, don akwai wani yaro ɗan SS2 da sau biyu yana leƙowa ta taga yana komawa. Gobe in sha Allahu shi zan fara nema.