Neman shawara: Baje koli a Milan, ƙanina a Jamus, yayata a Landan, biza ɗaya za ta isa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, harkar fata nake yi, ta awaki da ta tumaki. Mun daɗe muna tura kaya wa wani kamfani a Italiya ta hannun dillali, amma ban taɓa ganin masu shi ido da ido ba. Bana sai suka aiko mini da takardar gayyata zuwa Lineapelle, baje kolin fata da ake yi a Milan a watan Satumba. Saudiyya da Dubai na sani, Turai kam ban taɓa taka ta ba.

Ga yadda na tsara. In yi kwana 5 a Milan, baje koli da zama da mutanen kamfanin. Daga nan in hau jirgin ƙasa zuwa Munik wurin ƙanina da ke aiki a can, in yi kwana 10. Sai in leƙa Landan in gaida yayata na kwana 4, in dawo Milan in hau jirgin gida, don tikitin zuwa da dawowa ta Milan ya fi sauƙi.

Wani ejan ya ce kada in wahalar da kaina da ofishin jakadancin Italiya ko Jamus, wai samun rana a wurinsu sai an jira. Zai nema mini ta wata ƙasa daban da ake samun rana da wuri, ya haɗa mini takardar otal ta can wadda za a soke daga baya, tunda a cewarsa Turai duk ɗaya ce. Raina bai kwanta ba. Ina ya kamata in nema? Bizar za ta kai ni Landan? Sannan uwargida ta riga ta sa an yi wa ƙanin nawa kilishi da dambun nama, ko akwai matsala? Allah ya saka da alheri.

Wata 'yar uwa mazauniyar Italiya:

Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah ka rabu da ejan ɗin nan tun kafin ya karɓi kuɗinka. Gaskiya ne bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Turai, tana ba mutum damar yawo a ƙasashe 29, amma ba a nan ake neman ta inda aka ga dama ba. Akwai ƙa'idar ofishin da ya kamata ya duba takardunka, kuma ƙasar da ba za ka taka ba ba ta ciki.

Ka duba abin da zai faru a filin jirgin Malpensa na Milan. Ka miƙa fasfo, jami'i ya ga wata ƙasa ce ta ba ka biza, ya ce ina tikitinka na zuwa can, ina otal ɗin. Otal an soke, tikiti babu, a jakarka kuma takardar gayyatar Milan ce. Yana da ikon soke bizar nan take bisa cewa da bayanin ƙarya aka same ta, a mayar da kai a jirgi na gaba. Kuma abin ba a Italiya zai tsaya ba, domin ƙasashen suna da rumbun bayanan biza guda ɗaya, da zanen yatsunka a ciki. Duk ofishin da ka je nema gaba zai gani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Alhaji. Abin da ya fi ba ni takaici, kai kana da abin da mutane da yawa ke nema ba su da shi: gayyata ta gaskiya daga kamfanin da kuke ciniki da shi, da rasidai na shekaru. Me zai sa ka ajiye wannan ka ɗauki takardar bogi?

Wani ɗalibi a Jamus:

Ranka ya daɗe, a nawa sanin, ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita ake nema wa. Kwana 10 a Munik, 5 a Milan, ke nan Jamus ce. In ƙaninka ne zai ɗauki nauyin zamanka, sai ya je ofishin kula da baƙi na birninsu ya cike takardar alƙawarin ɗaukar nauyi, wadda suke kira Verpflichtungserklärung. Za su duba albashinsa kafin su ba shi, sannan ya aiko maka da ainihin takardar, ba hotonta ba.

Wani ɗan uwa da ya daɗe yana zuwa baje koli a Turai:

Ɗalibi ya faɗi rabi. Dokar bizar ta ce a nema a ƙasar da ita ce babbar manufar tafiya, ko dai ta yawan kwanaki ko ta dalilin tafiyar. In yawon buɗe ido ne zalla, sai a ƙirga kwanaki, in sun zo daidai a nema a ƙasar da za a fara sauka. To shi Alhaji me ya fito da shi daga gida? Baje kolin Milan. Da babu shi da bai shirya tafiyar ba, zumuncin Munik biyo baya ya yi. Saboda haka ni ina ganin Italiya ce, bizar kasuwanci. Ga shi kuma nan zai fara sauka, komai ya tafi a layi ɗaya.

Amma kada ka ɓoye Jamus, Alhaji. Ka rubuta wasiƙa gajera ka jera tafiyar rana bayan rana: ga Milan, ga Munik, ga adireshin ƙaninka, ga kwafin takardar zamansa da wasiƙar gayyatarsa. In ka ce kwana 5 kawai za ka yi, suna iya ba ka kwanakin da ba za su kai ka ƙarshen tafiyar ba, kai ne a ciki.

Sauran abubuwan sanannu ne. Kuɗin biza yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da abin da cibiyar karɓar takardu ke caja. Inshorar lafiya wadda ta kai aƙalla yuro 30,000, kuma ta shafi duk ƙasashen Shengen da duk kwanakin tafiya. Ana iya miƙa takardu tun saura wata 6, don haka maganar jiran rana maganinta fara nema da wuri. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma suna da damar kai wa 45. Ka sa takardun rajistar kamfaninka da bayanan asusun banki da shaidar kayan da kuka riƙa turawa. Abin da suke son gani shi ne kana da abin da zai dawo da kai gida, kuma mai sito cike da fata a Kano yana da shi.

Wata 'yar uwa daga Ingila:

Alhaji, maganar Landan ce ta fi tayar mini da hankali a tsarin nan naka. Birtaniya ba ta taɓa shiga Shengen ba, ko lokacin da take cikin Tarayyar Turai. Bizarta daban, ofishinta daban, kuɗinta daban. Haka ma Ayalan. In ba ka da bizar Birtaniya, ko jirgin ba za su bari ka hau ba. Masu bin jirgin ƙasa na Eurostar daga Faris zuwa Landan ma tun a tashar Gare du Nord jami'an Birtaniya ke duba su.

Ko da ka samu bizar Birtaniya, akwai wani tarko. Ranar da fasfonka ya dawo, ka zauna ka karanta takardar bizar Shengen da aka manna da kyau. Akwai wurin da aka rubuta adadin shiga: 01, ko 02, ko MULT, wato shiga da yawa. In 01 ne, da zarar ka tashi daga Munik zuwa Landan ka fita daga Shengen, bizar ta gama aiki ko da kwanakinta ba su ƙare ba. Ba ka da hanyar komawa Milan ka hau jirginka. Kuma kada ka ce ai wucewa kawai zan yi ta cikin filin jirgi, domin Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da ake neman bizar wucewa daga 'yan ƙasarsu ko ba za su fita daga filin ba, sai in mutum yana da wata takardar da ta ɗauke masa. Mai neman biza karon farko sau da yawa shiga ɗaya ake ba shi.

Hanya biyu gare ka. Ko ka nemi shiga biyu a fom ɗin, ka bayyana dalili, ka haɗa da tikitin Landan. Ko kuma, wanda ni na fi so, ka sayi tikitin da zai sauke ka a Milan ya ɗauko ka daga Landan kai tsaye zuwa gida. Zai ɗan fi tsada, amma ko 01 suka ba ka babu ruwanka.

Sannan ka bambance abu biyu a jikin takardar. Akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin zama. Za ka iya ganin wata guda tsakanin ranakun biyu, amma kwanakin zama 16 ne. Ƙaramin shi ne naka. Ranar shiga kwana ce, ranar fita ma kwana ce.

Wani ɗan uwa:

Kilishi kam a bar shi a gida, a ba Hajiya haƙuri. An hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su cikin Tarayyar Turai daga waje, busasshe ko ɗanye. Dambun nama da man shanu duk suna ciki. In kwastan suka gani za su karɓe su lalata, wani lokaci har da tara. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, dabino ma ba matsala.

Ɗalibin Jamus ya ƙara:

Akwai abin da ya kamata ka sani game da jirgin ƙasan. Daga Milan zuwa Munik za ka ratsa Ostiriya ta mashigar Brenner, ko ka bi ta Suwizalan. Duka biyun suna cikin Shengen, bizarka ta wadatar. Sai dai mutane na cewa babu iyaka a Turai, alhali Jamus ta dawo da bincike a duk iyakokinta na ƙasa tun 16 ga Satumba 2024, na ɓangaren Ostiriya ma tun 2015 ake yi. 'Yan sanda kan shigo cikin jirgin suna bi kujera kujera, kuma gaskiya mu baƙar fata ba a cika tsallake mu ba. Ba abin tsoro ba ne in takardunka na hannu. Fasfo ya kasance a aljihun rigarka, ba cikin babbar jakar da ka ajiye a bakin ƙofa ba. Kwafi ko hoto a waya ba ya maye gurbinsa.

'Yar uwar Italiya ta dawo:

Ƙari a kan haka, biza ba ta nufin an gama. Jami'in filin jirgi na da damar sake tambayar komai. Ka buga takardar gayyata, ta otal, ta inshora da tikitin komawa, ka riƙe su a jakar hannu, don waya kan mutu ko intanet ya ƙi. Ka haddace sunan kamfanin da garin da yake. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara sabon tsarin rajistar shiga da fita, wanda ke ɗaukar hoton fuska, a duba zanen yatsa, kwamfuta ta riƙe ranar shigarka a maimakon hatimi. Ƙarin kwana ɗaya ma ba ya ɓuya. In kuma za ka riƙe tsabar kuɗi da suka kai yuro 10,000 ko kwatankwacinsu, ka bayyana wa kwastan da kanka, ba laifi ba ne, rashin faɗa ne laifin.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sallami ejan. Zan nema ta Italiya, in nemi ta Birtaniya daban, tikiti kuma in dawo ta Landan kamar yadda 'yar uwar Ingila ta ce. Tambaya ɗaya ta rage: yanzu na duba, fasfona zai ƙare a ƙarshen Nuwamba. Tunda farkon Oktoba zan dawo, ai ya isa ko?

Ɗan uwan baje koli:

Bai isa ba, Alhaji. Dole fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar Shengen, da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma bai wuce shekara 10 da bayarwa ba. Naka wata biyu ne da 'yan kwanaki a mafi yawa, a teburin karɓar takardu ma za su dawo maka da shi. Ka fara zuwa ofishin shige da fice ka sabunta a makon nan, kafin ka nemi rana ko ka biya inshora, domin lambar sabon fasfon ce za ta shiga fom da takardar gayyata. Ka sanar da kamfanin su sake rubuto ta da sabuwar lambar. Tsohon kuma kada ka ajiye shi a gida, ka haɗa su tare ka miƙa, hatiman Saudiyya da Dubai da ke ciki shaida ce cewa kana fita kana dawowa.