Shafinmu yana nauyi tun da mambobi suka ƙaru

Mai kula da shafi: Assalamu alaikum. Tun da masu rajista suka yawaita, shafinmu ya fara jinkirin buɗewa, musamman da daddare lokacin da jama'a suka fi shiga, kuma ƙara wa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ƙwaƙwalwa bai kawo wani sauƙi ba. Daga ina ya kamata mu fara bincike?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ku sake kashe kuɗi a kan sabar, ku fara duba rumbun bayanai, domin galibi can matsalar take ɓuya. Idan manhajar rumbun bayanai ta MySQL kuke amfani da ita, ku kunna rajistar da ke adana tambayoyin da shafin ke aika wa rumbun waɗanda suka daɗe kafin a amsa su, sannan ku bi kowace da umarnin EXPLAIN, wanda ke nuna yadda rumbun ke nemo amsarta. Teburin bayanan da ba shi da fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake, yakan tilasta wa injin karanta kowane layi, abin da ba a jin nauyinsa sai bayanai sun taru.

Mai gina manhaja: Ina goyon bayan Injiniya. Abubuwan da ake yawan nema, kamar jerin sababbin rubuce-rubuce, a ajiye su a Redis, wata ma'ajiyar bayanai mai saurin gaske, maimakon a sake lissafa su ga kowane baƙo. Aika saƙonnin sanarwa kuma a mayar da shi aikin bayan fage, wanda baƙo ba zai jira a gama shi ba.

Wata mamba: Malam, a duba hotuna ma, domin wasu suna ɗora su da cikakken girmansu, a rage su tun lokacin ɗorawa.