Mai fita ya ce "I'm coming": kuskure ne ko Turancinmu ne?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai magana ɗaya da nake so mu raba gardama a kanta yau. Mutum yana zaune tare da kai, sai ya miƙe ya nufi ƙofa, ya waiwayo ya ce maka "I'm coming." Wannan ba Turanci ba ne, Hausa ce aka sa mata kwat da wando. A bakin Bature, wanda ke tahowa inda kake shi ke faɗin haka. Ka ƙwanƙwasa ƙofa, na ciki ya amsa "I'm coming." Uwa ta kira yaro abinci ya sauka, ya ce "Coming!" Wanda zai fita ya dawo kuwa "I'll be right back" zai ce, ko "Back in a minute." Duk ɗalibin da ya rubuta min waccan a insha'i, jan biro zai sha.

Auwalu Mai Waya: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, tun da sassafe? Ni a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano nake yini. Idan kwastoma ya kawo waya ba ni da sikirin ɗinta, zan ce masa "I'm coming" in zagaya layin baya in karɓo. Bayarabe ne, ɗan Ibo ne, ɗan Kogi ne, kujera zai ja ya zauna ya jira ni. Ban taɓa ganin wanda ya ruɗe ba. To kuskuren a ina yake?

Malam Habu: A cikin jimlar yake, Auwalu, ba a fuskar kwastoma ba.

Dokta Rabi: Malam, barka da hantsi. Rabin maganarka gaskiya ce, kuma bari in fara da ita. A Turancin Ingila da na Amurka, "come" motsi ne zuwa inda mai magana yake ko inda mai sauraro yake. Shi ya sa za ka kira abokinka ka ce "I'm coming to your house tomorrow," alhali daga gidanka za ka fita. Ka ɗauki gidansa a matsayin inda ake zuwa. Haka "Are you coming with us?" da "I'm coming back on Friday," duk lafiya lau suke. Amma in kuna tare a ɗaki ɗaya ka juya masa baya, a wurinsu tafiya kake yi, ba tahowa ba. Har nan muna tare.

Inda muka rabu shi ne cewa da ka yi wai Hausa ce kawai. Bayarabe in zai ɗan fita cewa yake "mo ń bọ̀." Ɗan Ibo ya ce "ana m abịa." A Fijin a ce "I dey come." Dukansu ma'anarsu ɗaya da "ina zuwa" tamu. Abin da ya sa kwastomomin Auwalu ba sa ruɗewa ke nan: kowa daga gidansu ya taho da jimlar, suka haɗu a Turanci. Abin da Sakkwato da Fatakwal suka daidaita a kansa ba tare da an zauna taro ba, ni ba zan kira shi kuskuren ɗalibi ba.

Mamman Nima: Dokta, ki ƙara da mu. Nan Ankara, babban birnin Gana, ma haka ne. Ɗan Asante zai ce "mereba" yana fita, in ya juya Turanci ya ce "I'm coming." A zango kuwa "ina zuwa" ce dai kamar ta gida.

Isufu Maraɗi: Mu nan Faransanci anka koya muna, amma cutar guda ce. Mutum zai tashi ya ce "j'arrive" yana hita. Mushe, wato malaminmu a lekol, ya yi ta hwaɗa, wai "je reviens" aka cewa. Shi kanshi in ya bar aji zuwa ofishin darakta "j'arrive" yake ce muna.

Malam Habu: To sai me? Yawan masu yin abu ba ya mayar da shi daidai. Mutane nawa ne ke cewa "off the light"? Shi ma mu sa masa hannu?

Malam Shehu: Ni malamin Hausa ne, ba ruwana da rigimar Turawa, amma akwai abin da ba ku taɓo ba. A Hausa "zuwa" tana yi wa "zo" aiki, tana kuma yi wa "je." Ka ce "ina zuwa kasuwa kullum," tafiya ce. Ka ce "yana zuwa nan kullum," tahowa ce. Yaro ya tashi da kalma ɗaya mai fuska biyu, sai a aji ɗaya na sakandare a ce masa biyu ne kuma kada ya kuskura ya haɗa. Idan ya haɗa ba daƙiƙanci ba ne, Malam Habu, a bayyana masa inda aka raba hanyar. Kuma ku lura, Bahaushe bai cika son ya tashi a gaban mutum ya ce "na tafi" ƙurunƙus ba. "Ina zuwa" tana nufin ban sallame ka ba, zaman namu bai ƙare ba. Ladabi ne a cikinta.

Auwalu Mai Waya: Yauwa Malam Shehu! Allah ya ƙara basira.

Malam Habu: Ladabin na gani. Makin ne ban gani ba. Tun 1952 aka kafa WAEC, kuma har yau da daidaitaccen Turanci take auna yaranmu, ba da na bakin kasuwa ba. Wanda zai zauna jarrabawar Turanci ta IELTS don neman aikin jinya a waje, shi ma haka. Ku masu kare "I'm coming" kun riga kun ci jarrabawarku kun wuce. 'Ya'yan talakawa ne za su biya kuɗin wannan kishin naku.

Dokta Rabi: Wannan magana mai nauyi ce, ba zan yi wasa da ita ba. Amma Malam, "daidaitacce" ba abu ne da ya sauko daga sama ba. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da salon magana 29 na Turancin Najeriya. Akwai "okada," akwai "danfo," akwai "mama put," akwai "ember months," har da "Kannywood." Akwai kuma "next tomorrow," wadda na tabbata ka sha kashe ta da jan biro kana rubuta "the day after tomorrow" a samanta. Jibi ce dai tamu. Yau tana cikin ƙamus.

Malam Habu: Na san jerin, Dokta. Ki duba shi da kyau, "I'm coming" ba ta cikin 29 ɗin. Kuma waɗanda suka shiga, an rubuta a gefensu cewa Turancin Najeriya ne. Ƙamus ya shaida cewa ana faɗin kalma, bai ce ka kai ta ko'ina ba.

Dokta Rabi: Ai abin da nake so ka faɗa ke nan. "Turancin Najeriya ne" daban, "ba Turanci ba ne" daban. Da ta biyun ka buɗe zauren nan.

Barista Nura: Na jima ina karantawa. Ina goyon bayan Dokta. Noah Webster ya fitar da ƙamus ɗinsa a Amurka a 1828, ya rubuta "color" da "center" yadda ya ga dama, bai nemi izinin Landan ba. Yau ba wanda ke cewa Ba'amurke bai iya Turanci ba. Sannan wani abu, Malam. Akwai wurin da "ina zuwa" tamu da Turancin Bature suka yi kiciɓis. Kana cikin bayani wani ya katse ka, ka ce "dakata, ina zuwa." Bature ma cewa yake "I'm coming to that." A kotu ana jin ta koyaushe. Sai dai shi ba ya yar da "to that" ɗin, mu kuma mun yar.

Malam Habu: Barista, Amurka na da jami'o'inta da jarrabawarta da dalarta. Ranar da yaron Birmingham zai zauna jarrabawar Turancin Najeriya kafin a ba shi biza, zan ajiye jan birona. Kuma ka faɗa da bakinka: shi ba ya yar da "to that." Kalma biyun nan su ne bambancin.

Zulai: Yaya Habu, ni zan ɗan taya ka, duk da a gida "I'm coming" nake cewa har gobe. Ina aikin kula da tsofaffi a Manchesta. Wata 'yar uwarmu sabuwar zuwa tana shirya wata tsohuwa da safe, ta tarar tawul ya ƙare. Ta ce mata "I'm coming," ta fita. Tsohuwar na zaune a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya, ta bi ta da kallo har ƙofa, sannan ta juyo gare ni ta ce, "She said she's coming, but she's gone." Ba raini a muryarta, tsoro ne. A tunaninta an bar ta. Sai da na ce mata "She won't be a minute" sannan ta saki hannun gadon. Wanda hankalinsa ya fara rauni da kalmar da ya ji yake aiki, ba ya tsayawa lissafin me aka nufa.

Dokta Rabi: Allah sarki. Wannan misalin ya fi duk abin da muka faɗa, Zulai. Amma ki lura, abin da ya nuna shi ne jimlar ba ta yi aiki a Manchesta ba. A Farm Centre tana yi.

Zulai: Haka ne Anti. Ni abin da nake gaya wa sababbin zuwa shi ne su riƙe guda uku: "I'll be right back," "Give me a second," "Bear with me." Ta ukun ita ce ta bakin ma'aikata a nan, a banki da asibiti da waya duk ita za ki ji. Kuma akwai wata ma'anar da "I'm coming" ke ɗauka a bakin 'yan iskansu, wadda ba zan faɗa a zauren da iyayenmu ke ciki ba. Ita ma dalili ce ta a kiyaye.

Baba Alhaji: Madalla da kika bar ta, 'yata.

Auwalu Mai Waya: Ni fa abin da ke ba ni dariya, wadda Malam ya ce daidai ce ita ta fi cutar mutane. Ka kira mai gyaran famfo, ruwa na malala a tsakar gida, ya ce "I'm coming, I'm coming, ina hanya." Wajenka zai taho, don haka nahawu bai da ta cewa. Amma kana jin ƙarar cokali a kofin shayi, ko wanka bai yi ba. Ni kuwa da nake faɗin ta kuskuren, minti biyar na dawo da sikirin.

Malam Habu: Wannan matsalar alƙawari ce, a kai ta wurin liman. Ni jimla nake gyarawa.

Maman Halifa: Don Allah malamai, ku bar dogon Turancin nan ku ba ni amsa. Yarona zai zauna WAEC bana. In ya rubuta ta za a rage masa maki ko ba za a rage ba?

Malam Habu: Hajiya, ki ce masa kada ya yi kasada. In wasiƙa ce ko insha'i, ya rubuta "I will be back shortly." Ba mai makin da zai taɓa ta. "I'm coming" ya bar ta sai inda wani ke kira ana amsawa, ko inda ake tahowa wurin mutum.

Dokta Rabi: A nan ba ni da ja, Hajiya. Ki bi maganar Malam. Roƙona gare shi ɗaya ne. Malam, in ka ja layi a ƙarƙashinta, kada ka rubuta "wrong English." Ka rubuta cewa ta gida ce, ga ta jarrabawa. Yaron da aka ce masa Turancin uwarsa da na malamin lissafinsa da na gwamnan jiharsu duk shirme ne, bakinsa mutuwa yake yi. Ina ganinsu a aji ɗaya na jami'a, sun san amsa amma ba sa ɗaga hannu.

Malam Habu: Ke kina da ɗaliban da suka riga suka tsallake, Dokta. Ni aji cike yake maƙil, wasu a taga suke zama, littattafan insha'i kuwa a buhu nake kai su gida a bayan mashin. In na tsaya rubuta wa kowane yaro tarihin Turancin Najeriya a gefen takarda, sai zangon ya ƙare ban mayar musu ba.

Dokta Rabi: To ka faɗa sau ɗaya a gaban allo. Minti goma ne. Ka kira yaro ɗaya ya tsaya a waje, ka kira sunansa ya amsa "I'm coming" ya shigo. Ka sa wani ya tashi daga benci ya ce "I'll be right back" ya fita. Sun gani da idonsu, ba sai ka rubuta komai ba.

Malam Habu: Wannan zan iya yi ranar Litinin. Amma wanda ya sake rubuta min ita bayan nan, maki biyu zan cire maimakon ɗaya.

Barista Nura: Dokta, ki karɓa haka nan. A kotu wannan sulhu muke kiransa.

Dokta Rabi: Ban karɓi maki biyun ba. Malam Shehu, kai da ke makaranta ɗaya da shi, don Allah ka leƙa ajin ranar Litinin ka gaya mana ko ya furta kalmar "wrong."