Ya zan yi da babbar 'yata a gidan yawa?

Salam iyaye, don Allah a ba ni shawara. Gidan yawa muke nan Ƙofar Ƙaura a Katsina, yarana na sabar masu da sallah tun suna shekara 7 yadda hadisi ya ce, waya kuma sai an dawo Islamiyya. To 'ya'yan facalata su har sha ɗayan dare suna kallo, yanzu babbar 'yata ta fara ce masu marasa tarbiyya, har ta daina cin tuwo kwano ɗaya da su, wallahi abin na damuna. Na yi mata faɗa ta ce ai Umma ke kika ce ba kyau. Ya zan koya mata ta riƙe kanta ba tare da ta raina 'yan uwanta ba, ni kuma ban sassauta ba?