Rigar Ittihad ko kuɗin kallon wasa?

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, kuɗina ba zai kai in sayi rigar ƙungiyar ƙwallo ta Ittihad ta asali kuma in biya tashar beIN don kallon gasar Ingila ba. Wanne ya kamata in fifita?

Alhaji Na-Makka: Wa alaikumus salam. Ɗana, biya kuɗin kallo. Shafukan kyauta sukan tsaya cak daidai lokacin bugun fenareti, sai ka ji ihun maƙwabta tun ƙwallo bai iso wayarka ba.

Mai Shago: Alhaji ya yi gaskiya, amma in rigar za ka saya, ka sani tun zuwan Ronaldo ƙungiyar Nassr a 2023 jabun riguna suka yawaita. Duba bajen ƙirji. Na jabu yakan ɓare bayan wanki kaɗan. Jira ƙarshen kaka, lokacin ake rangwame.